An Buga a Nguru

Duk wanda ya ce maka buga takardu aikin masu farar riga ne, ka ce ya nuna maka faratansa. Nawa sun yi shekara ashirin da 'yan kai ba su ga haske ba, ko da ranar Sallah ce. A Nguru na yi sana'ata, a wani shago mai ƙofa biyu kan hanyar tashar jirgin ƙasa. Ina buga katin ɗaurin aure da rasit da takardar da ake sakawa cikin ledar burodi, in kakar siyasa ta zo kuma mu buga fasta har mu gaji. Ina taɓa bugun buhu ma, wanda ake yi da raga a jikin firam na katako, a zuba tawada a ja ta da roba. Shi ba ya neman wutar lantarki, ƙarfin dantse kawai yake so. Amma abin da ya riƙe shagon, ya riƙe gidana, inji ɗaya ne, tsoho ɗan Jamus mai buga launi ɗaya-ɗaya. Gonar fadamar da na gada na sayar na ɗauko shi daga Kano, dangi suka yi ta salati kamar na yi ridda. Ina son injin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Sai dai inji ba ya aiki shi kaɗai. Kafin ya buga ko harafi ɗaya sai an yi masa filet, wato farantin ƙarfe marar kauri da ake ɗora hoton aikin a kai. In ya gama kuma sai an kai takardun ƙarƙashin babbar wuƙa an yanke su daidai. Na'urar filet da wuƙar duka na ƙungiya ne, don babu ɗayanmu da zai iya mallakar su shi kaɗai. Ƙungiyar masu ɗab'i da buga buhu da leda ce ta Nguru da Gashuwa, in mun taru ba mu wuce tabarma uku ba. Wuƙar tana Nguru, na'urar filet tana Gashuwa, don kada wani gari ya ce an fi shi. Motar da ke kawo mana takarda da tawada daga Kano ma a haɗe muke ɗaukar ta. Saboda haka wanda ƙungiya ta juya wa baya, ko injinsa na zinare ne, ya zama wurin ɗora buta.

Shugabanmu Babarbare ne ɗan Gashuwa, ni kuwa jikan Bafulatani ne da shanu suka ƙare masa ya shigo gari. Kun ga kenan abokin wasana ne. Duk inda ya hango ni sai ya ɗaga murya da gaisuwarsu ta Barebari ya ce, "Wushe, bawana! Yau ka ci abinci ko in sa a ba ka?" Ni kuma ban taɓa barin sa ya tafi da ita ba. Tare muka koyi aiki a wurin maigida ɗaya, mun sha ranƙwashi daga hannu ɗaya. Sakatarenmu kuma Kirista ne mutumin Filato, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya yi ritaya ya koma sassaƙa hatimi. Ya fi mu duka riƙon doka. In ya buɗe littafin ƙungiya ya gyara zaman tabarau, har mai tari sai ya haɗiye tarinsa.

Dokokinmu ba su da yawa, biyu ne suka shafi wannan labari. Ta farko, babban aiki in ya shigo ba a wawaso, zagaye ake yi, kowa ya jira nasa. Ta biyu, duk abin da ɗan ƙungiya ya buga, komai ƙanƙantarsa, sai ya sa ɗan layi a can ƙasa da ƙananan haruffa: garin da aka buga, da lambarsa ta ƙungiya. Dokar tana da dalili. Wata shekara wani ya buga takardar cin mutuncin wani babba ya watsa a kasuwa, ba suna ba alama. Aka bi shago-shago aka kwashe mu duka, muka yini a tsugune a rana kan laifin da har yau ba mu san wanda ya yi ba. Da muka fito muka yi alkawari cewa daga ranar kowa zai ɗauki kayansa a kansa. Ni kaina an taɓa cin tarata ƙwaryar goro saboda na manta layin a katin suna. Shugaba ne ya yanke hukuncin, shi ya fi kowa cin goron. Tun daga nan hannuna ya haddace. Kafin in duba ko rubutu ya miƙe, na riga na sa "An buga a Nguru" da lambata.

Da farko don tsoron tara nake sa shi, daga baya ya shiga raina. Na taɓa zuwa ta'aziyya Kumagannam, na zauna wurin mai shayi, sai na ga kalanda a bango duk ƙuda ya ɓata ta. Na tashi na matsa kusa na leƙa ƙasanta, ga lambata. Ban gaya wa kowa ba, na dai ƙara shayi kofi ɗaya. Mai gini yana wucewa ya nuna wa ɗansa gidan da ya gina, mu kuwa abin da muke da shi kenan.

To, sai ga shekarun da aka rufe boda, shinkafar waje ta yi wuyar gani. Fadamun Gashuwa kuwa suka cika suka batse. Aka kawo injinan casa masu cire tsakuwa, shinkafar gida ta riƙa fitowa fes, doguwa, ka rantse daga jirgin ruwa aka sauke ta. Matsalar ɗaya ce: mutanenmu in ba su ga rubutun da ba sa iya karantawa a jikin buhu ba, ba sa yarda abin kirki ne a ciki. 'Yan kasuwa kuma ba wawaye ba ne. Sai aka shiga ɗura shinkafar Gashuwa a buhu mai hoton ƙasar da ko mai buhun bai san ta ina ake zuwa ba. Kuma mu ne masu buga buhun.

Ranar da zagaye ya zo kaina, wani Alhaji ne ya kawo aikin, babban ɗan kasuwa wanda kakanninsa suka zo daga Kano da fatauci suka zauna. Buhu dubu biyu, launi uku. Ya miƙo mini samfuri: jirgin ruwa a sama, wata mata da faffaɗar malfa tsaye cikin ruwa a tsakiya, sai wani rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar taliya a gefe. Na tambaye shi me rubutun yake cewa.

"Malam, da na sani da na faɗa maka," in ji shi. "Kai dai ka fitar mini da shi yadda yake, kada ka rage ko ɗigo."

A nan zan faɗi abin da masu yabona suke tsallakewa. Ban ƙi ba. Ban yi masa wa'azi ba, ban ce Alhaji ka ji tsoron Allah ba. Na san abin da za a zuba a ciki, na karɓa da hannu biyu har da godiya, don damina ta gabato kuma rufin ɗakina yana yoyo. Duk wanda ya ce maka ni waliyyi ne, bai san ni ba. Na shirya ragata guda uku, na nemo magidanta biyu masu ɗaga firam da shanya, muka yi kwana tara muna ja. Jirgin ya fito, matar ta fito har da murmushinta, taliyar ma ban rage mata ɗigo ba. A ragar baƙar tawada kuwa, can ƙasa kusa da ɗinki, hannuna ya yi abin da ya saba. Wallahi ban shirya ba, ban ma lura ba. Buhunan suka bushe, aka ɗaure su dami-dami aka loda a mota zuwa Gashuwa.

Kwana huɗu shiru. A na biyar ina tsaka da wanke rolar da ke shafa wa inji tawada sai ga motar Alhaji ta tsaya a ƙofar shago. Ko sallama bai ƙarasa ba ya shimfiɗa buhu a kan teburina ya dangwala yatsa.

"Mene ne wannan?"

Na sa tabarau na duba. Ga jirgin ruwa, ga matar malfa, ga rubutun ƙasar nesa, sannan a ƙasa, tsaf da shi, An buga a Nguru, da lambata. Dariya ce ta fara taso mini, da ƙyar na danne ta.

Ashe an riga an ɗura ɗari uku an kai kasuwa. Wata malamar asibiti ta zo saye, ta juya buhu tana neman ranar da aka yi shi, sai ta ci karo da layin. Ta karanta da ƙarfi, ta dubi mai rumfar ta ce, "Ikon Allah, ashe teku ta iso Nguru ba mu da labari?" Kafin azahar maganar ta gama rumfunan 'yan shinkafa.

"Ka tona mini asiri a garin da aka san ubana," in ji Alhaji. "Ka je ka kwaso sauran ka shafe wannan abin, ko kuwa mu haɗu a gaban ƙungiyarku."

Da roƙona ya yi, wataƙila da na shafe. Ban sani ba, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma "wannan abin" da ya ce, yana nuna lambata da ɗan yatsa kamar ya ga kashin kaji, shi ya tsaya mini a wuya. Na ce masa, "Alhaji, jirgin naka ne, matar ma taka ce, ka shafe su in ka ga dama. Layin nan kuwa nawa ne." Ya tattara babbar rigarsa ya fita, ya bar mini buhun.

Sakatare ya aiko mini da takardar kira mai hatimi har biyu: taro a Gashuwa ranar Asabar bayan azahar. Na yi sammako na hau mota, muka bi ta Jajimaji, ina kallon gonaki ina shirya maganganun da zan faɗa, duk masu zafi. Da na sauka sai na fara biyawa ta gidan yayata. Ita ta goye ni, ta yi aure a Gashuwa, kuma shekara talatin tana sana'ar turara shinkafa: ta jiƙa, ta ɗora a rabin duro, ta shanya, ta kai inji. Na same ta a gaban wuta, hayaƙi ya mai da idonta ja. Na zauna a kan turmi na kwashe labari na faɗa mata. Jira nake ta ce Allah ya yi maka albarka, ka fitar da mu kunya, mu da ake sayar da wahalarmu da sunan wasu.

Ta tura itace ta ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka da hankali."

"Yaya, shinkafarku ce fa a ciki."

"To sai me? Ni in dai za a saya, su rubuta daga sama aka sauko da ita. Tun da aka fara zuba ta a buhun nan ban kwana da awo ba a sayar ba. Kai kana da 'ya'ya shida da inji ɗaya. In sun hana ka wuƙa, da haƙori za ka yanka takardar?"

Ta zubo mini shinkafa da miyar busasshen kifi, daga irin wadda ake rigimar a kanta, na ci ina jin haushinta, ga daɗi kuma. A kan turmin nan na gane ba don masu turara nake wannan faɗa ba, su ba su aike ni ba. Da zan tafi ta biyo ni har zaure ta ce, "Ka je ka ba su haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Na ce to. Ita ma ta san irin wannan "to" ɗin nawa.

A bayan shagon Shugaba aka yi taron, ƙarƙashin darbejiya. An shimfiɗa tabarmi, an ba Alhaji kujera a gefe. A tsakiya an ajiye buhu ɗaya a shimfiɗe, da gwangwanin baƙar tawada a buɗe, da ɗan buroshi. Aka yi addu'a, Shugaba ya gyara murya. Ranar bai ce mini bawana ba. Da ya kira ni Malam, sai na san an ajiye wasa.

"Malam, ba mu tara jama'a don mu wulaƙanta ka ba. Kuskure ne, kowa yana yi. Alhaji ya yarda ba zai nemi komai ba. Ga buhu, ga tawada. Ka ja baƙi a kan layin nan a gaban 'yan'uwanka, sauran ka ɗauka ka je ka ƙarasa a shago, shi ke nan magana ta mutu."

Na ce, "Shugaba, kafin in ja, ina roƙon Sakatare ya karanta mana doka ta biyu."

Sakatare ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi Shugaba, sannan ya buɗe littafi, don shi ko gobara ake yi in ka ce ya karanta doka sai ya karanta. Ya karanta ta tiryan-tiryan. Na tambaye shi ko akwai inda aka ce ban da buhun shinkafa.

"Babu, Oga," in ji shi. "Ba a rubuta shi ba."

"To ku gaya mini laifina. Ranar da na manta layin nan, goro kuka ci. Yau na tuna da shi, kun ce in shafe. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi kenan?"

Wani ɗan Gashuwa mai buga ledar ruwa ya yi tsaki ya ce, "Haba Malam, kar ka mai da mu yara. Kowa a nan ya buga irin buhun nan da zagaye ya zo kansa, wa ya sa lamba? Wannan da hankali ake yi, ba sai an rubuta ba."

Na bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne, duk sun buga, duk sun cire. Ashe akwai wata doka da ba ta cikin littafi, kowa ya san ta sai ni, kuma babu wanda ya ga ya dace ya gaya mini. Na ji kunya, na ji haushi, haushin ya fi yawa.

Shugaba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Ka saurara da kyau. Aikin buhun nan shi yake riƙe da rabin mutanen da ke zaune a nan. In 'yan kasuwa suka ji ba mu iya rufa asiri ba, Haɗeja za su kai, ko Kano. Kai kaɗai za ka rufe wa magidanta ashirin baki?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Sannan na ce, "Na ji. To ku soke dokar. Yanzu, a nan. Sakatare ya ɗauki biro ya soke ta, ya rubuta cewa daga yau ɗan ƙungiya yana iya buga abu ya ɓoye hannunsa. In kun yi haka, wallahi zan shafe buhunan nan ɗaya bayan ɗaya, ba na neman taimakon kowa."

Ba za su soke ba, kuma na san dalili. Dokar nan ita ce abin da suke nuna wa hukuma duk ranar da aka zo bincike. Suna so ta zauna a littafi don wannan ranar, suna kuma so in taka ta don Alhaji.

"Doka tana nan, ba mai taɓa ta," in ji Shugaba. "Kai dai ka shafe."

Na ce, "Na buga wa Alhaji ƙarya, na yarda, kuma zan amsa ta a gaban Allah. Amma ba zan ɗora mata ta biyu ba, in ce ba ni na buga ba."

Na miƙa hannu tsakiyar tabarma. Na ji wasu sun saki numfashi, sun zaci buroshin zan ɗauka. Murfin gwangwanin na ɗauka na rufe tawadar, don ba na iya ganin tawada a buɗe tana shan iska. Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe riga ya tafi. Aka ce a ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, har da mutum biyu da na koya wa haɗa launi, su dai ƙasa suke kallo. Sakatare ya rubuta, ya tashi ya karanta: an dakatar da ni, ba filet, ba wuƙa, ba motar Kano, sai ranar da na zo na shafe. Da ya rufe littafin ya ce, "Oga, ka yi haƙuri, aikina ne." Na ce masa ya yi aikinsa daidai, kuma har zuciyata na faɗa.

Abin dariyar shi ne Alhaji bai jira ni ba. Ya sa leburorinsa suka bi buhunan da baƙin fenti, kwana biyu suka gama, ya sayar da shinkafarsa lafiya lau. Rigimar kenan ta ƙare, da a ce mu masu hankali ne. Amma Shugaba ya naɗe buhun nan na tsakiyar tabarma ya ajiye a shagonsa, ya ce shi ɗaya ya rage, kuma ni zan shafe shi. Ni ma na ce su jira. Taurin kai dai ba ni kaɗai aka raba wa ba.

Watan farko ban ji a jikina ba. Na ce ai Kano ba a sama take ba, zan je in yi filet da kaina. Na je sau uku. Kwana biyu a hanya saboda faranti ɗaya, kafin ka dawo mai katin ɗaurin aure ya kai wa maƙwabcinka, don ba za a ɗaga aure saboda kai ba. Na gwada yanka da reza da rula ta ƙarfe. Rasit ɗari biyu suka fito kowanne da tsawonsa, mai burodin da ya yi shekara goma yana kawo mini aiki ya duba ya ce, "Malam, Allah ya kawo sauƙi." Bai sake dawowa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na koma kan raga kacokan: bajen rigunan makaranta, ƙyallen walima, allon shago. A kowanne ina sa sunan garina a ƙasa, sai dai ba lamba, tunda sun riƙe ta.

Matata ba ta taɓa cewa in je in shafe ba. Da ta faɗa da na sami abokin faɗa. Wata safiya dai na fito na tarar ta kafa kasko a ƙofar gida tana suyar awara, ita da ba ta taɓa sayar da ko gishiri ba. Ta gaishe ni kamar kullum. Wannan ya fi duk maganganun darbejiya ciwo, kuma har yau ina jin nauyinsa. Sakatare ma ya zo sau ɗaya, ya zauna a bencina yana juya hula a hannu. Ya ce, "Oga, minti ɗaya ne fa. Ni zan riƙe maka buhun ma." Na sayo masa lemo mai sanyi, muka yi hirar ciwon gwiwa, ya tafi.

Injin kuwa yana tsaye. Wanda bai san inji ba zai ce ai hutu yake yi, amma zama shi ke kashe shi. Zafin Nguru ba ya wasa da roba. Kullum da safe nakan ɗiga masa mai, in juya shi da hannu sau ashirin don kada ya ƙage, in share shi in rufe da zane. Bazara ta farko ya jure. A ta biyu na ɗaga zanen wata rana na shafa rola, na ji ta yi tauri, ga tsaga siririya ta fara bi ta gefe. Na san in ya ƙara shekara a haka, sai dai masu sayen ƙarfe su auna shi a sikeli. Gara ya yi aiki a hannun wani da ya mutu a hannuna. Kuma duk yankin nan mutum ɗaya ne ya san darajarsa, ya kuma iya riƙe shi. Na aika wa Shugaba cewa in yana so ya zo ya ɗauka.

Da hantsi suka zo da babbar mota da 'yan dako takwas. Aka kwance ƙusoshin ƙasa, aka tura bututun ƙarfe a ƙarƙashinsa, aka gangaro da shi a hankali har bakin ƙofa. Da hannuna aka yi, don ban yarda wani ya kama shi ta inda ba a kamawa ba. Maƙwabta suka fito suna kallo, na bar su su kalla. Da aka hau da shi kan katako aka daidaita shi a bayan mota, Shugaba ya ce wa 'yan dakon su je su sha ruwa. Ya ja ni cikin shago. Ya zaro buhun nan daga hammatarsa a naɗe, ya fito da ɗan gwangwani daga aljihu ya ɗora a tebur. Ya tsufa a shekara biyun nan, ni ma na san haka ya gani a fuskata.

"Ɗan'uwa, ba kowa a nan, ni da kai ne," in ji shi. "Ba sai ka shafe duka ba. Ka ɗiga ko ɗigo ɗaya a kai, in je in ce musu ka shafe. Yanzun nan in sa a sauke maka injinka, gobe in aiko maka da filet."

Na leƙa ta ƙofa. Injin yana can a kan mota, rana tana dukan inda hannuna ya goge fentinsa tsawon shekaru. Na so in karɓa. Wallahi na so, har yatsuna sun motsa.

Na ce, "Dokar tana nan a littafi?"

"Tana nan."

"To ku ɗaure shi da kyau, hanyar Gashuwa akwai ramuka. Ƙarfen nan mai haƙora na gefen hagu yana son mai kullum, kada ka bari ya bushe. Kuma ba ya son takarda marar kauri da sassafe, ka bar shi ya ɗan yi ɗumi tukuna."

Sannan ya cire hula ya share fuska da ita, ya ce, "Allah ya shirye ka, mai taurin kan tsiya." Na ce amin, mu duka. Ya naɗe buhunsa ya mai da hammata, ya fita ya kira 'yan dako. Na tsaya har suka gama ɗauri, na ja igiyar da kaina na ji ta yi tauri, motar ta tashi.

Ban yi nadama ba, kuma duk wanda ya zo don ya ji na yi, ga ƙofa nan har biyu. Amma ranar na tura ƙofofin, na zauna a ƙasa tsakanin ramukan ƙusoshin nan huɗu, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Da na gama na wanke fuska na ɗauko raga, don akwai rigunan makaranta arba'in da na yi alkawarin bayarwa kafin la'asar.